Injin Da Ke Ɗinki Babu Zare

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban saba rubuta irin wannan ba. Amma in ban zuba abin da ke cikina a takarda ba, a kan ɗan mutane zan zuba shi, kuma ɗan mutanen ƙanin mijina ne.

Injiniya muke ce masa, ko da yake iyakar injiniyancinsa liƙa gilashi a fuskar waya. Jiya na bar masa shago na shiga ciki wajen Maigida. Da na fito sai na tarar ya harɗe a kujerar yayansa, ya jona kwamfutar shago da intanet ɗin wayarsa, allon ya yi shuɗi, wata 'yar ƙawanya tana ta juyawa. Wai tsarinta ya tsufa, ya sabunta mana. Har da cewa, "Anti, nan gaba za ki gode mini."

Tun da aka sayo kwamfutar nan ba ta taɓa shaƙar iskar intanet ba. Maigida da kansa ya liƙe ramin jona intanet ɗin da salatif, ya ce ita da injin aiki kaɗai aka ɗaura wa aure. A cikinta yake zana bajo da tambarin makarantu da kamfanoni, ya tura wa injin, injin ya ɗinka, ni kuma in bi bayan aikin da almakashi ina yanke zare. Haka muke tun kafin in haifi auta. Injiniya ko salatif ɗin bai ɓare ba, ta wayar caji ya bi.

Yau na kunna ta. Komai ya yi ƙyalli, an sake wa kowane abu wuri, har da hoton wani tafki da ban san garin da yake ba. Na danna manhajar zane, ta ce ba za ta iya aiki da wannan tsarin ba. Na sake dannawa, ta maimaita mini, da ladabi kuwa.

Makarantar koyon jinya na jiran bajon sababbin ɗalibai ranar ashirin da biyar. Maigida bai sani ba, kuma ba zai sani ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Garin neman gira an rasa ido. Girar ba tawa ba, neman ma ba ni na yi ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Bango ɗaya ne tsakanin shago da ɗakin Maigida. Tun da muka dawo da shi daga asibiti ya nuna a jingina gadon da wannan bangon, don ya riƙa jin injin. Zanensa na cikin kwamfuta, turawa kawai nake yi, shi ya sa ko yini ɗaya ban rufe shagon nan ba tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Wannan kam a rubuta, ko da ni ce zan rubuta wa kaina.

Da safe lokacin tayar da inji ya yi, ya ji shiru, sai na ji ƙwanƙwasa a bango. Hannun hagu ne, ba shi da ƙarfi, amma na san tambaya ce. Likita ya ce kada a kai masa labarin da zai ɗaga masa hankali, ya maimaita mini har a bakin ƙofa.

Akwai wani zanen fure da ya zo a cikin injin tun daga kamfani, na gwaji ne, ba ya buƙatar kwamfuta. Na zare zaren, na kashe abin da ke ƙara in zare ya tsinke, na ɗaura tsumma a firam ɗin da ke riƙe yadi, na tayar. Allura ta hau aiki kamar gaske. Ƙwanƙwasar ta tsaya.

Na zauna ina kallon injin da ya ciyar da gidan nan yana huda tsumma. Ban ji kunya ba, dabara ce.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai gyara ya zo. Mutum ne mai haƙuri, ba ya yawan surutu, na ji daɗin hakan. Ya nuna mini ɗan makullin da ke maƙale a bayan kwamfuta, wanda manhajar ba ta buɗewa sai ta gan shi. Ya ce sabon tsarin bai san da zamansa ba sam, kuma wanda ya ƙera shi ya daina kula da shi tuntuni.

Ya ce, "Amma kada ki damu, Hajiya. Tunda ba a daɗe da sabuntawa ba, ana iya komawa tsohon. Yana nan a ajiye a ciki."

Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau. Ya ce wa ya yi shara a kwamfutar nan?

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wani tarkace ne na ga ya cinye wuri, na goge don ta ƙara gudu."

Ban yi masa ihu ba, saboda bangon. Na dai ce masa a hankali, "Sannu da aiki, Injiniya. Allah ya ƙara basira." Da na mare shi da ya fi masa sauƙi, na gani a idonsa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe tara na safe

Fure. Da rana ma fure.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zanen duk suna nan, ba abin da ya ɓata, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ina ganin sunayensu a jere, kowanne ya zama farar takarda, in na danna sai kwamfuta ta tambaye ni da me nake so a buɗe shi. Ni take tambaya.

Yadda yake sa musu suna ma kawai. "Jinya." "Jinya sabo." "Jinya na ƙarshe." "Jinya na ƙarshe na gaske." "Jinya kar a taɓa." Na yi dariya ni kaɗai, daga nan na tashi na wanke fuska.

Mai gyara ya gwada wata hikima, wai zai gina tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwar. Ta ginu, manhajar ma ta leƙo, sai ta ce ina makullinta. Makullin yana maƙale a jikinta tana nemansa. Ya kira kamfanin, wata mai zaƙin murya ta ce wannan samfurin sun sallame shi, mu sayi sabon. Na karɓi wayar na ce sabon zai buɗe tsofaffin zanenmu? Ta ce wasu. Na ce waɗanne? Ta ce tana mini fatan alheri a sauran yinina.

Mun sa sabon, na gwajin wata guda. Ko ɗaya bai buɗe ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Yaya Babba ta zo dubiya, yayarsu ce su duka. Ta fito daga ɗakinsa tana share ido, ta ja ni gefe. Ashe Injiniya ya kai mata labari, cikinsa ba ya riƙe ko ruwa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ki bar wahalar da kanki. Mai babban shagon nan na bakin titi ai yaron mijinki ne, a hannunsa ya koya. Ya ce zai ɗauki injin da mutunci, ya karɓi aikin makarantar. Ke dai yankan zare kika iya, ba laifi ba ne."

Na ce, "Yaya, na gode. Injin ba na sayarwa ba ne, mai shi yana nan da ransa."

Ta ce, "Ai ba cewa na yi ba ya nan ba."

Na ce, "To."

Na raka ta har bakin titi, na tsayar mata da abin hawa, na riƙe mata jaka ta shiga. Ba wanda zai ce matar ƙaninta ba ta da tarbiyya. Amma "yankan zare kika iya" ta biyo ni har cikin shago ta zauna.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mai gyara ya haɗa wa injin wani ɗan akwati, yanzu yana karɓar zane ta filash. Ya ce duk abin da aka zana a sabuwar manhaja zai ɗinku. Na ce sai dai mai zanawa. Ya kalli bangon, ya kalle ni, ya tattara kayansa.

Yau an yi wa Maigida motsa jiki. Mai koyarwar ta ce akwai ci gaba. Kullum haka take cewa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ina ba shi magani, Injiniya na gyara masa matashi, sai yatsun hagun Maigida suka fara buga katakon gado. Sauri sauri, a tsaya, a ja dogo, a sake sauri sauri. Injiniya ya ce, "Anti, hannun Yaya na rawa, ko a kira likita?"

Ba rawa ba ce. Furen ne. Tun daga ganyen farko har inda allura ke tsalle ta koma tsakiya, bai kuskure ko wuri ɗaya ba. Yana bugawa yana kallona.

Ni ce na manta da wanda nake aure. Mutumin da in yana cin abinci a ciki zai ɗaga murya ya ce an sa tambarin kamfanin ruwa a maimakon na makarantar firamare, daga jin ƙara kawai, shi na ɗauka zan yaudara da fure ɗaya safe da rana.

Na ce wa Injiniya ya je ya rufe shago.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na faɗa masa. Ba zan rubuta yadda fuskarsa ta yi ba.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Ban tayar da inji ba. Bai ƙwanƙwasa ba. An dawo da kwanon abincinsa yadda aka kai shi.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya nuna gadon, ya nuna ɗaya bangon, na wajen taga. Na yi kamar ban gane ba. Ya sake nunawa, ya ce, "A'a," yana dukan bangon shago. "A'a" da "ruwa" da sunana, su ne suka dawo masa zuwa yanzu, kuma "a'a" ta fi sauran lafiya.

Na ce, "Gado yana nan inda yake. Kai ka ce a sa shi nan, ni kuma ba ni da ƙarfin ja da baya da gaba."

Ya juya fuska. Tsoro nake ji, bari in faɗa sau ɗaya in huta. Ba aikin makarantar nake tsoro ba. Na ga yadda ya saki kafaɗarsa, kuma na san mutum yana iya ajiye kansa kamar yadda ake ajiye kaya.

Na fito na zauna a kujerarsa. Ta yi mini tsawo, na sa kwali a ƙarƙashin ƙafata.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wanda ya tsara sabuwar manhajar nan bai taɓa riƙe allura ba, na rantse. Abin da ake buƙata kullum sun ɓoye shi a cikin wani abu da ke cikin wani abu. Abin da ba mai nema kuma ga shi ƙato a gaba. Ina tsakiyar aiki kwamfutar ta ce tana so ta sake sabunta kanta, yanzu ko an jima? Na nemi inda aka rubuta "har abada a'a", babu.

Injiniya ya zo tun safe ba wanda ya kira shi. Ya samo bidiyon wata mata da ke koyar da manhajar, yana riƙe mini waya, yana tsayarwa in na ce tsaya. Bai ce uffan a kan basirarsa ba. Da ya ga na ja layin farko ya miƙe, sai ya ce, "Kai, Anti!" Na ce ya riƙe wayar da kyau, hannunsa na karkata.

Na samo bajo ɗaya na bara a cikin durowa. Fitila ce mai dogon baki da hannu, harshen wuta a bakin, sunan makarantar ya zagaye ta. Na kifa shi a gabana, domin ta baya ake ganin hanyar da allura ta bi, inda ta fara, inda ta yi tsalle, inda aka ɗaure. Yaya Babba ta yi gaskiya, yankan zare na iya. Sai dai duk wanda ya shekara goma sha tara yana yankewa ya san inda kowane zare ya fito.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na farko ya tattare kamar fuskar mai jin yunwa. Na biyu zare ya cukurkuɗe a ƙasa, allura ta karye. Na uku wutar fitilar ta fito kamar kunnen zomo.

Duk yana ji. Bai ƙwanƙwasa ba. Amma ya sha rabin kofin shayi, kuma ba a sake maganar gado ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shugabar makarantar ta kira, wai ta ji oga ba lafiya, ko su nemi wani wuri? Na ce ranar ashirin da biyar ta turo a karɓa. Na ajiye wayar na koma kan zane.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau sai na rubuta da tsawo.

Na gano abin da ke tattare yadin. Ɗinkin shimfiɗa ne ban sa ba, wanda ake fara yi a ƙasa kafin a rufe shi da na ado. Ta gaba ba a ganinsa. Ni kuwa na san shi kamar tafin hannuna, ban dai taɓa sanin sai an ce wa kwamfuta ta yi shi ba. Na sa, na tura, na tayar.

Injin ya ɗauka tiryan-tiryan, ba tsinkewa, ba gargada. Yana cikin zagaye rubutun sai na ji bango. Ƙwanƙwasa ce mai ƙarfi, ba irin ta tambaya ba.

Na cire bajon daga firam, na yanke zarensa, na goge shi a zanina. Ya kwanta lif, wutar ta yi wuta. Na shiga da shi a tafin hannu, ina tafiya a hankali don kada a ce ɗoki nake.

Ya karɓa da hagu. Ya kusanto da shi, ya nisanta. Ya shafa da babban yatsa. Sai na ga kafaɗarsa na motsi, wani sauti na fita, na tsorata na ce ko sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Rabin bakinsa ke yi, amma dariya ce har da hawaye, rabona da jinta tun kafin asibiti.

Na ce, "Mene ne abin dariya? Ka nuna mini inda ya tattare in ka isa."

Ya nuna ƙofar shago, ya zana da'ira a iska. Injiniya ya ruga ya kawo na bara. Maigida ya jera su a kan cinyarsa. Fitilarsa tana kallon dama, tawa tana kallon hagu. Rubutun daidai yake, tunda bugawa na yi. Fitilar ce na zana yadda na san ta duk shekarun nan, ta baya. Ni da Injiniya mun yini muna kallonta a allo ba wanda ya lura.

Na ce, "To ai ɗaliban ma wasu bahagwai ne."

Ya ƙara fashewa. Injiniya ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, shi da ya ja mana komai.

Juya fitilar dannawa ɗaya ce a sabuwar manhajar. Ba yabonta nake ba, faɗar gaskiya ce. Maigida ya cinye abincin rana, ya nemi ƙari.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Mai gyara ya biyo ya ce yana cigiyar tsohuwar kwamfuta irin tamu, wataƙila a dace makullin ya yi aiki a kanta. Daga yadda ya faɗi "wataƙila" na gane. Zanen shekara goma sha tara ke nan a rufe, hannun da ya yi su kuma yana kwance a kan matashi. Wannan ba zai daina yi mini ciwo ba, ko injin ya yi ta gudu.

Na kwashe su duka a filash na ajiye a akwatin kayana.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Abin da ban lissafa ba shi ne, da can mu biyu ne. Yanzu ina kan inji, ina canza firam, ina sa ido kan zare, bajo kuma sun taru a kwando kowanne da gashinsa a baya. Na ba Injiniya almakashi ya gwada, ya yanke ɗauri, harafi ya warware. Na karɓe abina na ce ya je ya sayo allura, can ya fi amfani.

Da azahar na shiga ba Maigida magani da kwandon a hannu, na bar guda shida kawai a ciki, don in rage su a gefensa. Na ajiye a kan gado na juya ɗauko ruwa. Da na waiwayo ya jawo ɗaya ya kifa a cinyarsa, yana neman yadda zai riƙe shi ya kuma riƙe almakashi. Na miƙa hannu zan taimaka, ya ce, "A'a."

Ya ajiye almakashin. Ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi, ya ɗora a kan gefen bajon ya danne. Tun ranar nan ban ga ya ko kalli hannun ba. Sannan ya ɗauki almakashin, ya sa yatsu a juye, ya nemi zaren farko. Ya daɗe kafin ya kama shi. Ya yanke dab da ɗauri, bai taɓa ɗaurin ba.

Na koma shago, domin in na tsaya zan ba da kaina. Na tayar da inji, na yi ta aiki, ban leƙa ba.

Can wajen la'asar aka ƙwanƙwasa. Na shiga na tarar da guda shida a jere a bakin gado, bayansu fes, gumi ya jiƙe masa riga. Na ɗauki ɗaya na duba kamar yadda yake duba nawa a da, na juya shi, na ɗaga shi wajen haske. Na ce, "Ba laifi. Ɗan koyo ne, amma za a iya riƙe shi."

Ya harare ni. Ya tura mini kwandon da ƙafa, bakinsa ya yi ta kokawa, na tsaya ban taya shi ba.

Ya ce, "Ƙaro."